Wai Zulkarnaini shi ne Iskandar na Girkawa ko kuwa wani ne daban?

Abban Sadiq: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimi a warware min wannan. Wani bidiyo ne ke ta yawo a TikTok, mutumin har rantsuwa yake wai Zulkarnaini na cikin Suratul Kahfi shi ne Iskandar sarkin Girkawa, ya nuno wani tsohon kuɗin azurfa mai hoton mutum da ƙaho a ka ya ce ga hujja nan. Ni kuma tun muna yara abin da aka koya mana Zulkarnaini bawan Allah ne mumini. To ya abin yake?

Sarkin Musu: Wa alaikumus salam. Shi ne mana, meye abin tambaya a ciki. Wa ya ci gabas da yamma in ba shi ba? Ga ƙaho, ga cin ƙasashe, me kuma kake nema, lambar wayarsa?

Ustaz Nura: Sarkin Musu ka ji tsoron Allah, maganar Alƙur'ani ake. Ka koma ka karanta daga aya ta 83 zuwa ta 98. Mutumin da aka yi wa tayin lada don ya gina katanga ya ce a'a, abin da Ubangijina ya ba ni ya fi, ku dai ku taimake ni da ƙarfi. Da ya gama aikin bai ce ni na yi ba, cewa ya yi wannan rahama ce daga Ubangijina. Shi kuwa Iskandar ɗin naka gumaka yake yanka wa dabbobi, har ta kai shi ga yarda a kira shi ɗan wani abin bauta. Ina haɗin?

Sarkin Musu: Allah gafarta malam ai ba ni na fara faɗa ba, a tafsirai ma akwai.

Malam Habu Mai Tarihi: A nan kam Sarkin Musu bai yi ƙarya ba, akwai manyan masu tafsiri da suka tafi a kan haka. Zamakhshari ya ce Iskandar ne, Imam Razi ma ya karkata can saboda a ganinsa sarkin da mulkinsa ya kai haka ba zai ɓuya wa tarihi ba, amma shi da kansa ya ce akwai ishkali babba, wato matsala, tunda malamin Iskandar ɗin Aristotal ne, masanin falsafar Girkawa. To bari in ɗan shimfiɗa waye mutumin tukuna don kar mu yi ta musu a kan wanda ba mu sani ba.

An haife shi a Fella ta ƙasar Makidoniya, arewacin Girka ta yau, shekara 356 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ubansa Filib na biyu, uwarsa Olimfiyas. Ya hau mulki yana ɗan shekara 20 bayan an kashe uban. A 334 ya tsallaka Asiya, ya kara da Farisawa a Giranikus, sai Issus a 333, sai Gaugamela a 331 can wajen Mosul ta Iraƙi, nan ne ya karya Sarki Dara na uku gaba ɗaya. Ya nausa Afganistan da yankin Samarƙand, ya gangara Fanjab ya yi yaƙi da Sarki Foros mai giwaye a 326, daga nan a bakin kogin Biyas sojojinsa suka ce wallahi ba inda za su ƙara, shekara takwas suna tafe gida suke so. Ya juyo ba da son ransa ba, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Duka-duka mulkin nasa bai cika shekara 13 ba.

Shi kuma kuɗin da ka gani Abban Sadiq na gaske ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Da ya ci Masar ya ratsa hamada zuwa dausayin Siwa kusa da iyakar Libiya ta yanzu, wurin bokayen wani abin bauta Amun wanda ake zana shi da ƙahon rago, suka tarbe shi a matsayin ɗan Amun. Bayan ya mutu wani kwamandansa Lisimakus ya buga kuɗi da kansa ɗauke da ƙahon ragon. Kun ga ke nan ƙahon da mai bidiyo ke kafa hujja da shi, shi kansa alamar shirka ce tsagwaronta, hujjar tasa ta juyo ta sare shi.

Maman Ilham: Malam Habu Allah ya ƙara ilimi. Ni dama abin da ya hana ni yarda tun farko halinsa ne. Ba shi ne ya soke amininsa da mashi a wajen shan giya ba?

Malam Habu Mai Tarihi: Shi ne Hajiya. Kilitus sunan mutumin, a Samarƙand abin ya faru shekarar 328, kuma abin takaicin shi Kilitus ɗin ne ya ceci ransa a yaƙin Giranikus lokacin da wani Bafarishe ya ɗaga takobi zai raba masa kai. Gardama ce ta kaure a wajen shagali, kowa ya bugu, Kilitus ya ce masa ai duk abin da kake taƙama da shi aikin ubanka ne da mu sojojinsa, sai gogan ya fizge mashi. Ya yi ta kuka daga baya ya ƙi cin abinci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ba shi kaɗai ba ne, birnin Tibis na Girka ya baje shi ƙasa a 335 ya sayar da mutanen bayi, birnin Sur na gaɓar Labanan ya yi wata bakwai yana tsare da shi, da yake tsibiri ne sai ya sa aka cike teku da duwatsu aka yi hanya har bakin ganuwa, da ya shiga ya yi kisa na tashin hankali ya sayar da sauran. Fadar Farisawa ta Fasifolis kuma wuta ya cinna mata a 330.

Maman Ilham: Toh ai magana ta ƙare. Zulkarnaini cewa ya yi wanda ya yi zalunci za mu hukunta shi, wanda ya yi imani ya yi aiki nagari mu sauƙaƙa masa. Wannan kuwa kowa ya samu dannewa yake.

Sarkin Musu: Hajiya duk sarkin da ya ci ƙasashe sai ya zub da jini fa, ba a cin gari da sallama.

Maman Ilham: Yaƙi daban, kashe abokinka a buge daban. Kar ka haɗa min su.

Ustaz Nura: Ibn Kasir ya riga ya raba gardamar nan tuntuni. Ya ce mutum biyu ne mutane suke cakuɗawa, na farko bawan Allah ne na zamanin Annabi Ibrahim (AS) har ya kawo ruwayar cewa sun yi ɗawafi tare, kuma Halliru na tare da shi, na biyun shi ne ɗan Filib Bamakidone wanda wazirinsa Aristotal ne, wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, ya ce tsakaninsu akwai fiye da shekara 2000. Malaminsa Ibn Taimiyya ma haka ya ce, ɗan Filib mushriki ne bai gina katangar ba. Ni a nan na tsaya.

Basakkwace: Ustaz ina tare da kai kan cewa ba Iskandar na ba, amma ni wanda hankalina ya kwanta da shi Kurush na, sarkin Farisa. Ku duba dalilin saukar ayoyin mana. Ƙuraishawa sunka aiki Nadru ɗan Harisu da Uƙubatu ɗan Abi Mu'aiɗ zuwa ga malaman Yahudawa na Madina, su kuma sunka ce ku tambaye shi abu ukku, samarin da sunka ɓace, da mutumin da ya kewaye gabas da yamma, da ruhi. To in Yahudawa ne sunka ba da tambaya ai wanda sunka sani kuma suke girmamawa za su tambaya. Kurush shi ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya sake su daga bauta ya ce su koma Ƙudus su sake gina ɗakin ibadarsu, har yau littattafansu yabonai sukai. Kuma cikin littafin Daniyel da ke hannunsu akwai mafarkin rago mai ƙaho biyu, anka fassara shi da sarakunan Midiya da Farisa, daulolin da shi Kurush ya haɗe. Wanga ba ƙaramar hujja ba ce.

Abban Sadiq: Ikon Allah, ni ban taɓa jin wannan sunan ba ma.

Basakkwace: Turawa Sairus suka ce mai. Ba ra'ayina ba ne ni ɗai, Maulana Abul Kalam Azad na Indiya, wanda ya zan ministan iliminsu na farko bayan 'yancin kai, shi ya tsaya ya zauna ma maganar, Maududi ma ya karkata can, haka Ɗabaɗaba'i na Iran. Kuma ka bi tafiye-tafiyen ka gani. Yamma, Kurush ya ci Lidiya ƙasar Sarki Kirosus mai dukiya har ya kai bakin teku a yammacin Turkiyya ta yau, inda in ka tsaya rana cikin ruwa za ka ga tana faɗawa. Gabas, ya kai Balkh da ƙabilun da ba su da gidajen kirki. Sannan arewa. Shi ko Iskandar ina ya tai yamma? Daga gidansu gabas ya miƙa.

Sarkin Musu: To ƙahon fa? Ko shi ma an buga masa kwabo?

Basakkwace: Akwai sassaƙe a Fasargad, babban birninai, mutum mai fukafukai huɗu da kambi bisa ƙahonin rago biyu. Yana nan tsaye har yau a Iran kusa da kabarinai.

Malam Habu Mai Tarihi: Basakkwace ka kawo magana mai nauyi kuma gaskiya in za a auna su biyun a sikeli Kurush ya fi kusa nesa ba kusa ba, ko Girkawa da suke abokan gaban Farisa sun yabi halinsa, shi kansa Iskandar da ya tarar an fasa kabarin Kurush an yi sata ransa ya ɓaci ya sa aka gyara. Amma bari in zuba maka ruwa kaɗan a garin nan. Na ɗaya sassaƙen nan da yawan masu binciken kayan tarihi suna ganin ba hoton Kurush ba ne, wani mai tsaron ƙofa ne irin na al'adar Assuriyawa, kambin ma salon Masar ne. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, a 1879 an tono wani curin yumbu mai rubutu a kangon Babila, yana gidan tarihi na Landan yanzu, sanarwar Kurush ce bayan ya ci garin. A ciki cewa aka yi Marduk, babban gunkin Babila, shi ya zaɓe shi ya kama hannunsa, kuma yana alfahari da cewa ya mayar da gumakan garuruwa ɗakunansu. To in mun kori Iskandar saboda Amun, da wane dalili za mu bar Kurush da Marduk?

Basakkwace: Malam ai wannan siyasa ta, malaman fadar Babila sunka rubuta da harshensu don talakawansu su kwantar da hankali.

Malam Habu Mai Tarihi: Zai yiwu. Amma ka ga mai kare Iskandar ma haka zai ce maka, zuwa Siwa siyasa ce don Misirawa su karɓe shi a matsayin Fir'auna. In ka buɗe ƙofar nan kowa zai shige.

Maman Ilham: Hhhh Basakkwace an kama ka.

Basakkwace: Ba a kama ni ba Hajiya, ina nan kan bakana.

Ɗan Damagaram: Jama'a kun manta da mutanen Yaman. Su wa ke da sunaye masu farawa da Zu in ba sarakunan Himyar ba? Zu Nuwas, Zu Yazan, to Zul Ƙarnaini ma gidan nan ya fi kama da shi. Marubutan Larabawa na farko da yawa sun ce wani sarkin Himyar ne ana ce masa Sa'abu, Biruni ma ya kawo ra'ayin cewa Bayamane ne. Mu nan wajenmu sunan Zu Yazan ba baƙo ba ne, sarakunan Barno na gidan Saifawa da suka yi mulki har 1846 ai daga Saifu ɗan Zi Yazan suke jan salsalarsu.

Malam Habu Mai Tarihi: Gaskiya ne akwai wannan ra'ayin kuma tsoho ne. Matsalarsa ita ce mutanen Yaman na da sun bar dubban rubuce-rubuce a kan duwatsu da nasu baƙaƙen, an karanta su, yaƙoƙinsu a cikin tsibirin Larabawa ne da Habashawa, babu sarkin da ya ce ya kai ƙarshen gabas. Labaran cewa Tubba'u, wato sarkin Himyar, ya ci Samarƙand ya ci Sin sun fi yawa ne bayan Musulunci lokacin da Larabawan kudu da na arewa ke gasar wa ya fi wani asali.

Hajiya 'Yar Zango: Ni duk wannan sunaye ba su dame ni ba yarana. Katangar nake tambaya. Ƙarfe ne aka jera tsakanin duwatsu biyu aka hura wuta aka zuba narkakkiyar tagulla, abu ne da ba zai ɓuya ba. Tana ina? Jikana ya ce min wai ita ce ganuwar Sin.

Ustaz Nura: A'a Hajiya, ganuwar Sin ta ƙasa ce da dutse da bulo, kuma dubban kilomita ce ba toshe tsakanin duwatsu biyu ba. Wadda ake ɗaukar hoto a kanta ma yawancinta daular Ming ce ta gina, tsakanin 1368 da 1644, bayan saukar Alƙur'ani da ɗaruruwan shekaru.

Malam Habu Mai Tarihi: Hajiya kin taɓo inda kowa ke faɗuwa, don duk su ukun da aka ambata babu wanda tarihin zamaninsa ya ce ya gina katangar ƙarfe. Waɗanda suka bi Iskandar yaƙi sun rubuta har sunan dokinsa Bukefalas da garin da ya kafa don tunawa da dokin, amma ba su ambaci katanga ba. Kurush ma haka.

Wuraren da aka fi nunawa uku ne. Akwai Darband a Dagistan ta Rasha, Larabawa na ce mata Babul Abwab, inda duwatsun Kafkas suka matso bakin tekun Kasbiya suka bar ɗan siririn wuri, an yi ganuwa biyu daga dutse har cikin ruwa, tana nan ana zuwa kallo. Amma ta dutse ce kuma Farisawan daular Sasan ne suka gina ta, an fi danganta ta da Kisra Anushirwan da ya yi mulki 531 zuwa 579, wato fiye da shekara 800 bayan mutuwar Iskandar. Akwai mashigar Dariyal tsakanin Jojiya da Rasha, ita Azad ya zaɓa don kwazazzabo ne matsattse tsakanin duwatsu masu tsayi, kuma tun ƙarni na 1 wani marubuci Bayahude Yusifus ya ambaci ƙofofin ƙarfe da ake cewa Iskandar ya yi a wancan ɓangaren. Sai ganuwar Gurgan a arewacin Iran, ta jan bulo, kusan kilomita 200, mutanen wurin ma katangar Iskandar suke ce mata, da aka auna shekarun bulon sai ga shi ita ma aikin Sasaniyawa ce.

Kuma ba mu ne farkon masu wannan tambayar ba. Halifa Wasiƙ na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki 842 zuwa 847 a Samarra, mafarki ya yi an buɗe katangar, hankalinsa ya tashi ya tashi wani tafintansa Sallam, wanda aka ce yana jin harsuna 30, ya haɗa shi da mutum 50 da guzuri ya ce je ka gano min. Suka bi ta Tiflis, suka ratsa ƙasar Alan da ta Khazar, suka wuce wata baƙar ƙasa mai wari da garuruwan da suka zama kango, daga ƙarshe ya ce ya isa wata ƙatuwar ƙofa ta tubalin ƙarfe tsakanin duwatsu da ƙaton kwaɗo, masu gadi na zuwa lokaci-lokaci su doki kwaɗon da guduma don na ciki su san ana nan ana tsaro. Ya ce ya ga 'yar tsaga siririya ya kankaro ƙarfen da wuƙa ya ƙulle a ƙyalle ya kawo wa halifa. Tafiyar ta ci fiye da shekara biyu, ya dawo ta Samarƙand da Khurasan. Ibn Khurdazbih, shugaban gidan waya da leƙen asiri na wani lardin daular, shi ya rubuta labarin ya ce daga bakin Sallam ya ji.

Hajiya 'Yar Zango: To ai ka ga an gan ta ke nan.

Malam Habu Mai Tarihi: An ga wani abu dai Hajiya. Har yau masu bincike na ta ja, wasu sun ce wata ƙofa ce ta yammacin ganuwar Sin ya isa, wasu sun ce mutumin ya ga ba zai koma wa halifa hannu rabbana ba bayan an kashe masa dukiya sai ya ƙawata labari da abin da ya san ana so a ji. Ni kaina na fi zargin na biyun, don siffar da ya bayar ta yi daidai da tafsiri fiye da kima. Wajen shekara 500 bayan haka Ibn Baɗuɗa, wanda ya zo har Mali da Takadda, da ya je kudancin Sin ya tambaya aka ce masa tafiyar kwana 60 ce daga nan, ya ce amma bai haɗu da ko mutum ɗaya da ya gan ta ko ya ga wanda ya gan ta ba.

Sarkin Musu: To yanzu da tauraron ɗan adam ke ɗaukar hoton har akuyar gidanmu me ya sa ba a gani ba?

Ustaz Nura: Sarkin Musu a kiyaye harshe. Akwai katangar, Alƙur'ani ya faɗa, kuma hadisin Nana Zainab bintu Jahsh yana cikin Buhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce yau an buɗe kamar haka daga katangar Yajuju da Majuju, ya haɗa yatsunsa biyu ya yi da'ira. Rashin ganinmu ba ya kore samuwarta. Malamai sun yi bayani iri-iri, wasu na zamani ma sun ce ta riga ta rushe, jumhuru sun ce sai kusa da tashin ƙiyama.

Adimin: Jama'a a tsaya kan tarihi don Allah, wanda ya taɓa aƙidar wani zan goge. Sarkin Musu kai nake nufi.

Sarkin Musu: Ranka ya daɗe tambaya kawai na yi, na bi doka.

Maman Ilham: Malam Habu ni abin da ban gane ba, tunda halin mutumin nan a fili yake, ya aka yi manyan malamai irin su Razi suka ɗauka shi ne? Ba su san ya yi bautar gumaka ba?

Malam Habu Mai Tarihi: Yauwa Hajiya, tambayar da nake jira ke nan. Iskandar ɗin da su suka sani ba shi ne wanda muke karantawa yau ba. Littattafan Girkawa da Rumawa da suka kawo kisan Kilitus da ƙona Fasifolis ba su ne suka yaɗu a gabas ba, abin da ya yaɗu wani littafin almara ne da aka harhaɗa a Iskandariya ta Masar da Girkanci, aka yi ta juya shi zuwa Suryananci da Farisanci da Larabci da Habashanci da Armeniyanci, kowa ya karɓa sai ya yi masa wanka ya sa masa rigar garinsu. Misirawa suka ce ai ɗan Fir'aunansu na ƙarshe ne Nektanebo wanda ya je Makidoniya a ɓoye. Farisawa suka ce a'a ɗan sarkinsu ne, shi da Dara uba ɗaya, kun ga ke nan ba baƙo ne ya ci su ba rikicin gado ne na cikin gida. Habashawa da Kiristocin Sham suka mai da shi sarki mai tsoron Allah. Har can Malesiya sarakunan Malaka cewa suke daga zuriyar Iskandar Zulkarnaini suka fito. Waɗanda kawai ba su taɓa yafe masa ba su ne Majusawan Farisa, su la'ananne suke ce masa don sun ce ya kashe malamansu ya ƙona littattafansu.

A cikin almarar nan ne za ki ji ya shiga tulun gilashi an zura shi ƙarƙashin teku don ya ga kifaye, ya ɗaure manyan tsuntsaye a keji ya ɗaga musu nama a tsinin mashi suka tashi da shi sama, ya shiga ƙasar duhu neman ruwan rai, kukunsa ya je wanke busasshen kifi a wata ƙorama kifin ya farfaɗo ya tsere, kukun ya sha ya yi shiru shi kuma sarki ya rasa. To malamin da ya tashi a Rayyu ko Khuwarizm, kamar Razi da Zamakhshari, a ƙarni na 12 in aka ce masa Iskandar, wannan yake gani, sarki mai hikima mai yawon duniya, ba saurayin da ya bugu ya soke abokinsa ba.

Ɗan Damagaram: Kai wannan na ruwan rai kakata ta taɓa ba mu shi da dare, amma ita da Halliru ta haɗa shi.

Malam Habu Mai Tarihi: Haka yake a na Musulmi, Halliru ne ya samu ruwan ya sha shi kuma Iskandar ya ɓata hanya a cikin duhu.

Abban Sadiq: To ni yanzu me zan ce wa mai bidiyo? Don na riga na rubuta masa cewa zan dawo da amsa.

Maman Ilham: Ka ce masa ƙahon Amun ne a kwabon, ka tambaye shi ko ya san waye Amun.

Basakkwace: Ka ƙara mai da cewa Kurush na.

Ustaz Nura: Kar ka ƙara masa wannan. Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, bai faɗi zamaninsa ba, laƙabi kawai ya bayar da aikinsa, kuma babu hadisi ingantacce da ya ce wane ne. Ka ce ba ɗan Filib ba ne ka kawo dalilan da Malam Habu ya jero, ka tsaya nan.

Basakkwace: Ustaz ai Ibn Kasir ɗin ma da ka kawo zamani ya sa mai, ya ce lokacin Annabi Ibrahim. In shi ya yi ijtihadi mi ya hana Azad?

Ustaz Nura: Ban hana shi ba, cewa na yi kar a kai wa ɗan TikTok a matsayin yankakkiyar magana, gobe ya yi sabon bidiyo ya ce malaman Sakkwato sun tabbatar.

Hajiya 'Yar Zango: Shi Iskandar ɗin ina aka binne shi ma? A Babila?

Malam Habu Mai Tarihi: A'a Hajiya, gawar ma sace ta aka yi. An ɗauko ta daga Babila cikin keken zinariya za a kai Makidoniya, kwamandansa Batlimus da ya riƙe Masar ya tare ayarin a Sham ya karkatar da shi, aka fara ajiye shi a Manfis sannan aka mai da shi Iskandariya. Sarakunan Rum sun yi ta zuwa ziyara, Agustus ya je, Karakalla ya je a shekarar 215, daga nan labarin kabarin ya fara dusashewa har ya ɓace. Mutanen gari sun daɗe suna cewa yana ƙarƙashin masallacin Nabi Daniyal, an yi tone-tone a birnin ba adadi ba a samu ba, tsohuwar unguwar sarakunan ma wani sashenta teku ya cinye sauran kuma gidaje ne a kai.

Sarkin Musu: To a tono shi a duba kan mana, in da ƙaho shikenan na ci musu.

Adimin: Sarkin Musu saura gargaɗi ɗaya.